Yaron da ya iya rawa, tun aji huɗu na sakandare ya kamata a fara masa shirin jami'a

Kusan kowace sakandare a Katsina da Daura tana da irin yaran nan da ake nema idan ranar al'adu ta zo, ko za a tarbi babban baƙo. A ɗaura musu kacau-kacau a ƙafa, mai sarewa ya busa, su taka koroso har iyaye su miƙe suna liƙi. Taro na watsewa kowa ya manta da su. Da wuya ka ji malamin da ya kira ɗayansu ya shaida masa cewa akwai digirin da ake yi a kan wannan abin da ya iya.

Akwai kuwa, kuma ba nesa ba. Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya ta daɗe tana koyar da wasan kwaikwayo, tun shekarun 1970. Jami'ar Bayero ta Kano tana da irin wannan sashe, haka ma Jami'ar Jos. Rawa ɓangare ce ta karatun, tare da tsara wasa, rubutu, sutura, hasken dandali da bincike kan al'adu. Wanda ya shiga da tunanin rawa kawai zai yi shekara huɗu yana takawa, zai sha mamaki, domin akwai karatun littafi mai yawa.

Inda ake yin asarar shi ne aji huɗu na sakandare, lokacin da ake raba yara zuwa kimiyya da fasaha. Wannan kwas yana buƙatar kiredit biyar a WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da adabin Turanci, kuma adabin yana cikin darussan da ake rubutawa a JAMB. Yaron da aka tura ajin kimiyya don kawai a ce ɗan wane likita zai zama, ko wanda makarantarsu ba ta da malamin adabi, an rufe masa ƙofar tun shekara uku kafin ya sayi fom. Sai ya je wurin rajista mai kwamfuta ya faɗa masa takardunsa ba su dace ba. Wannan abu yana ci mini rai, don gyaransa ba ya cin kuɗi: tambaya ɗaya ce za a yi wa yaro a kan lokaci.

Na san abin da iyaye ke tsoro. A ƙasar Hausa an daɗe ana haɗa kiɗa da rawa da roƙo, kuma uba yana da haƙƙin ya tambayi inda ɗiyarsa za ta taka, da suturar da za ta sa, da waɗanda za ta yi hulɗa da su. Damuwa ce ta gaskiya. Amma hana karatun ba ya hana rawar. Yaron zai ci gaba da yi a gidan biki da TikTok, ba malami, ba takarda. Shi kuwa jiki yana da wa'adi. Gwiwar ɗan shekara 18 ba ita ce ta ɗan 40 ba. Takardar ce za ta ba shi damar koyarwa, ko aiki a gidan talabijin, ko tsara wa tawagar jiha abin da za ta kai NAFEST, bikin al'adu na ƙasa.

Mu ma muna da buƙata. Masu kiɗa da rawar da ake gani a Sallar Gani ta Daura da hawan sallah a Ƙofar Soro suna tsufa, kuma yawancin abin da suka sani a kansu yake. Wanda ya taso yana takawa, ya kuma koyi bincike, shi ya fi dacewa ya zauna da su ya rubuta.

Maganar kuɗi ta ɗan yi sauƙi tunda aka buɗe lamunin ɗalibai na NELFUND a 2024, ko da yake bashi ne, za a biya. Wanda bai samu gurbi kai tsaye ba yana iya yin NCE a fannin da ya dace, sannan ya shiga jami'a daga aji biyu.

Ina kira ga Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Katsina da ta riƙa shiga makarantu kafin a raba ajujuwa, ta zauna da yaran da iyayensu, ta yi musu bayanin darussan da ake buƙata da jami'o'in da ke ba da kwas ɗin.