Ku duba jikinsa kafin ku ce ciwon ne ya motsa

Ƙannena da kuka shigo aikin jinya, musamman waɗanda aka tura ɗakin masu taɓin hankali da masu fama da shaye-shaye, akwai wata ɗabi'a da ke shigar ma'aikaci ba sallama. Da zarar an rubuta a fayil cewa mutum yana da taɓin hankali ko yana shan ƙwaya, shi ke nan an daina ganin jikinsa. Ya ce ƙirjinsa na ciwo, a ce surutu ne. Ya rikice cikin dare, a ce ciwon ne ya motsa, a ɗauko allurar barci.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce masu tsananin taɓin hankali kan riga sauran mutane mutuwa da shekara 10 zuwa 20, kuma galibi ciwon zuciya da na suga da na huhu ke kai su, cututtukan da ake ganowa da awo. To, wa ke riƙe da kayan awon? Likita zai zagayo da safe ya wuce, ku ne za ku kwana da majinyaci. Duk wanda ya rikice farat ɗaya, ku auna sugansa da zafin jikinsa da bugun zuciyarsa tukuna. Faɗuwar suga kaɗai kan sa mai cikakken hankali zage-zage da kai duka.

Wanda ya daɗe yana shan giya kuwa, ku tambaye shi yaushe rabonsa da ita, kuma ba da muryar mai tuhuma ba, domin lissafi za ku yi da amsarsa. Awa 6 zuwa 24 bayan shan ƙarshe karkarwar hannu da zufa ke farawa. Jijjiga kan zo a kwana biyun farko. Daga kwana na biyu zuwa na huɗu ake tsoron babbar rikicewa, mai haɗe da gane-gane da zazzaɓi, wadda takan yi kisa in an yi sakaci. In kuka haɗe masa rai, zai ce muku ya yi watanni bai taɓa ba, lissafin ya rushe, kuma ku ne za ku sha mamaki cikin dare. Wa'azi yana da lokacinsa, amma ba ranar da aka kwantar da mutum ba ne.

Mai shan kodin ko tiramadol da danginsu, in ƙwayar idonsa ta tsuke, numfashinsa ya yi ƙasa, an tashe shi ya ƙi tashi, kada a ce barci yake. Ko an yi masa allurar nalokson, mai karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi, ya farfaɗo, ƙarfinta kan ƙare cikin minti 30 zuwa 90, alhali abin da ya sha yana nan a jikinsa. Kada ku bar gefen gadonsa.

Magungunan da muke bayarwa ma suna da nasu. Haloperidol, da ake bai wa masu taɓin hankali, kan sanƙarar da wuya, ya juya idanu sama, ko ya hana mutum zama wuri ɗaya. Sau da yawa a ɗauka taurin kai ne a ƙara masa wani, abin ya ƙara muni.

In kuma kun ga alamar majinyaci ya fid da rai da duniya, ku tambaye shi kai tsaye ko yana tunanin kashe kansa. Tambayar ba ta cusa masa tunanin. Abin da ya faɗa ku rubuta a rahoto, ku sanar da likita, sannan ku gaya wa mai karɓar aiki baki da baki kafin ku tashi.