Sola a tsohon gini: ba dole sai a kan rufi ba

Mutane da yawa na ɗauka cewa in za a sa wa tsohon gini sola, irin Gidan Tarihi na Kanta da ke Argungu, sai an ɗora farantan a kan rufi. Kuskure ne, musamman ga soron ƙasa. Faranti mai wat 550 ya haura kilo 25, kuma duk ramin ƙusa ƙofa ce ga ruwan damina: ya jiƙa azara, gara ta shiga, rufi ya lotsa.

A kafa farantan a kan ƙarfe a fili, su fuskanci kudu, a karkace kamar digiri 13. Waya ta bi bututu ta ƙarƙashin ƙasa. Batir kuwa a ɗaki mai iska, domin zafin Afrilu yana rage masa kwana.