Wai ni ne toksik

Jama'a ku taya ni ji. Jiya na je ofishin kamfanin layin wayata saboda datar da na saya ta ɓace ko Facebook ban gama buɗewa ba, na zauna gaban wani yaro da wallahi na haife shi, kansa a sunkuye yana ta latsa waya, sai da na maimaita sallama kafin ya ɗago.

Na yi masa bayani tiryan-tiryan. Ya ce, "Baba a gaskiya mun fahimci damuwarka, za mu yi eskalet." Na ce ɗana, wane ne kuma eskalet? Ya ce za su tura sama. Na ce saman wa, wancan karon ma sama aka tura kuma har yau ba ta sauko ba. Sai ya jingina da kujera, ya zare abin kunnensa guda ɗaya, guda ɗaya fa, ɗayan ya bar shi yana kiɗa, ya kalle ni sama da ƙasa ya ce, "Baba ka yi kul dawun, enajin da kake kawowa toksik ne." Ya waiga wajen ta kusa da shi ya ce wai na ɓata masa bayib, ita kuma ta toshe baki tana dariya. Kafin in ce uffan ya ɗaga murya, "Nes!" wato na bayana ya matso. Ni aka cinye wa kuɗi, ni ne kuma guba. To madalla.

Amma yaron nan a ina ya koyi irin wannan holoƙon magana? Ɗauki wayarka yanzu ka duba. "Da ɗumi-ɗumi", "Yanzu-yanzu", ka buɗe ka tarar labarin ya huce tun makon jiya. "Tirƙashi", "Wata sabuwa", "Ana wata ga wata", duk a kan ba komai. Wadda ta fi ci min rai ita ce Innalillahi, kalmar da ake faɗa in musiba ta sauka, yanzu an mayar da ita ƙugiyar jawo masu kallo, ka shiga gabanka na faɗuwa ka tarar wasu 'yan TikTok ne suka yi cacar baki. Kowane bidiyo kuma "ya karaɗe kafafen sada zumunta", ko da mai shi ne da ƙannensa kaɗai suka kalla.

Manyan malaman wannan sana'a dai su ne masu mulki. A labaran rediyo gwamnati kullum "ta sha alwashi", "ta jaddada ƙudirinta", "ta yi Allah wadai", da wuya ka ji ta gama wani abu. "Masu ruwa da tsaki" su taru a otal don "wayar da kan al'umma", kai kanmu ya waye haka nan, fitila muke so ta kama. Tun 1999 ake yi mana alkawarin romon dimokuraɗiyya, waɗanda aka haifa a shekarar wasunsu har sun yi aure sun haihu. Korona ta zo a 2020 aka koya mana faliyatif, wato tallafin rage raɗaɗi, aka cire tallafin mai a 2023 aka sake kakkaɓo kalmar, kullum tana nan tafe "nan ba da jimawa ba". In ka matsa da tambaya a ce maka an kafa kwamiti mai ƙarfi, sai ka ce an taɓa kafa mai rauni aka sanar da mu.