Ku Bar Kankaren Nan Ya Yi Numfashi

Har yanzu hoton nan na gyaran da aka yi wa kwalejinmu yana yawo, ana ta yabo a ƙasansa. An bi bulon nan mai huda-huda na tsohon ginin kwalejinmu an toshe da siminti, an manna gilashi mai shuɗi a gaba, an zuba fenti ruwan ƙwai, wai an zamanantar. Sannunku da aiki. Allah Ya ƙara basira.

Jiya na shiga da ƙafata, ƙarfe biyu na rana. Babu wuta, janareto babu dizal. Ɗalibai na ta fifita da takardun lacca, malamin ya jiƙe sharkaf har riga ta manne masa a baya. A ajin nan na yi shekara huɗu, fanka ma ba kullum take juyawa ba, amma iska na shigowa ta wannan bango ta fita ta wancan, har takarda sai ka danne ta da biro. Waɗannan hudojin ba ado ba ne, hancin ginin ne. Kun toshe wa gini hanci a Kano, garin da zafin Afrilu ke haura digiri 40, sannan kuna neman tafi.

Wani ya rubuto min wai ai ginin mummuna ne, kamar gidan yari. To, malam, gidan yarin da ke da inuwa da akwatin gilashin da ke dafa mutum kamar tanda, wanne za ka shiga da azumi a bakinka? Wani kuma wai salon Turawan mulkin mallaka ne. Gilashin fa, daga Kasuwar Kurmi aka ƙero shi?

Salon yana da tarihi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu aka buɗe Kwalejin Jami'a ta Ibadan a 1948, kuma Maxwell Fry da matarsa Jane Drew, 'yan Ingila, su suka zana manyan gine-ginenta. Ku nemi hoton ɗakin karatun da yanzu ake kira Kenneth Dike: fuskar ginin kamar rariya, kankare ne mai tace rana ya bar iska ta wuce. Baranda mai faɗi, rufi ya zarce bango ya yi masa laima, doguwar fuskar gini na kallon kudu da arewa don kada ranar hantsi da ta la'asar su dake ta. Sun zauna sun yi lissafin rana da iska. Ku lissafin me kuka yi, ban da na kwangila?

Ƙurar hunturu na shiga, na ji. Akwai tsintsiya.

Abin da ke min ciwo da gaske, maginanmu na tubali da azara sun riga kowa sanin wannan. Shiga Gidan Makama da tsakar rana ka ji yadda kaurin bango ke riƙe sanyi. Mu da muka gaji wannan ne yau muke gina abin da ba ya zaunuwa sai da na'urar sanyaya ɗaki.

Af, darbejiyar bakin ƙofa ma an sare ta, an shimfiɗa intalok. A gindinta mai shayinmu yake ba mu bashi har ƙarshen wata. Duk wanda ya san inda Baba ya koma ya taɓo ni, akwai sauran kuɗinsa a hannuna.