Mu Kai Yara Riruwai Tun Tsofaffinta Suna Raye

Makon jiya ƙanena da ke karatu a Ostireliya ya turo hotuna a zauren WhatsApp na gidanmu. Ranar Asabar ya ɗebi maiɗakinsa da 'ya'yansu biyu, suka yi tafiyar kamar awa ɗaya da rabi daga Melbon zuwa Ballarat, garin da aka gano zinare a 1851. A can akwai wani wuri, Sovereign Hill, da aka buɗe a 1970, inda aka sake gina titin garin yadda yake a zamanin rububin zinare: kantuna, maƙera, keken doki, ma'aikata cikin tufafin wancan lokaci. Ana ba yaro kasko ya tsuguna a bakin rafi yana rairayar yashi, in ya dace ya ga ɗan ƙyalli a gindin kaskon. Ana shiga da baƙi ƙarƙashin ƙasa, ana kuma narka zinare a gabansu. Da yamma suka juyo, a gida suka yi isha'i.

Hajiyarmu ta daɗe tana kallon hoton jikarta da laka har gwiwa, sannan ta ce, "To, ita dai wannan ta san inda ɗan kunne yake fitowa." Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin mu a Kano gwal ba baƙonmu ba ne. Yana cikin lefe, yana wuyan amarya, shi ne asusun da mace take ɓoyewa don ranar da ta ɓaci. Amma ka tambayi yaron gidanku daga ina yake zuwa, zai ce maka Dubai ko Makka. Bai san akwai rami ba, bai san akwai wanda ya shiga ramin ba.

Alhali muna da garuruwan zinare masu tarihi a Arewa. Tun wajen 1913 Turawan mulkin mallaka suka fara haƙarsa a ƙasar nan, harkar ta bunƙasa a shekarun 1930, ta durƙushe lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. Birnin Gwari, Maru, Anka, Yawuri, duk sunayensu na cikin wannan labari. Sai dai wane magidanci ne a shekarun nan zai cika mota da yara ya ce za su je Anka su wuni? Ta'asar 'yan bindiga ta kai Gwamnatin Tarayya ta haramta haƙar ma'adinai a Zamfara a watan Afrilun 2019, ba a ɗage haramcin ba sai Disambar 2024. Kafin nan kuma, a 2010, gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a ƙauyuka irin su Dareta da 'Yargalma da Bagega. Dutsen da ake haƙowa yana ɗauke da dalma, ana kawo shi cikin gida ana daka a turmi ana niƙawa, ƙurar tana sauka a tsakar gidan da jarirai suke rarrafe. A 2015 aka maimaita irin wannan a ƙaramar hukumar Rafi ta Jihar Neja, yara 28 suka rasu. Yaran Ballarat suna wasa da yashin zinare, namu yashin ya kai su kabari. Duk lokacin da na tuna haka sai zuciyata ta yi nauyi.

Tunda hanyar garuruwan zinare ba ta biyuwa da iyali, mu duba abin da yake hannunmu. A kudancin Jihar Kano, cikin ƙaramar hukumar Doguwa, akwai Riruwai. Arzikinta kuza ne, amma darasin da yaro zai ɗauko a can shi ne dai wanda 'yar ƙanena ta ɗauko a Ballarat. Tun kafin Bature ya tako ƙasar nan mutanen Riruwai suke wanke kuza suna narka ta, suna zuba ta sirara kamar tsinke, fatake suna saye suna kaiwa kasuwanni. Wani reshe nasu ya yi ƙaura ƙasar Bauchi ya kafa Liruwen Dalma. Irin wannan kuza da aka gani a hannun 'yan kasuwa ce ta sa Turawa suka bi sawu har suka kai ga tsaunukan Jos. Daga baya aka yi babban rami na ƙarƙashin ƙasa a Riruwai, aikin ya tsaya a shekarun 1980, zamanin da farashin kuza ya karye a duniya a 1985.

Na taɓa zuwa garin sau ɗaya, ta'aziyya ce ta kai ni. Abin da ya fi zauna mini ba duwatsun ba ne, duk da kyansu. Wani dattijo ne da muka zauna tabarma ɗaya, wanda ya yi aikin rami yana saurayi. Ya kwatanta mini yadda ido yake yi in mutum ya fito daga duhu tsakar rana, da yadda garin yake cika ranar biyan albashi, da yadda ya yi tsit da aka rufe. Ban ga kowa yana rubutawa ba, ni ma ban rubuta ba, kuma har yau abin yana damuna. Wanda ya shiga rami yana ɗan shekara ashirin da biyar a 1980, yanzu ya kai saba'in. Gini in ya rushe ana iya tayar da shi, kamar yadda mutanen Ballarat suka yi. Tsoho in ya tafi, da labarinsa yake tafiya.

Na san abin da za a ce. Za a ce mutane na fama da abin sawa a baki, tun da aka cire tallafin mai a 2023 ko zuwa ƙauye gaisuwa ya zama aiki, wa yake ta yawon buɗe ido? Gaskiya ne. Amma duk da tsadar, ranar yawon Sallah gidan zoo ba ya rasa jama'a, manyan kantuna ma haka. Kuɗin fita ana kashe shi, wurin zuwan ne ya yi kaɗan. Gida uku in suka haɗa kuɗi suka ɗauki bas ɗaya, aka dafo dambu da zoɓo daga gida, abin ba zai gagara ba. Makarantu ma da suke karɓar kuɗin fita da ɗalibai kowace shekara za su iya karkata can.

Za a kuma ce hanya. Wannan ita ce hujjar da ba na wasa da ita. Hanyar ta ratsa dajin Falgore, kuma dajin yana da tarihinsa na 'yan fashi da ɓarayin shanu. Ba zan ce wa kowa ya ɗauki iyalinsa ya tafi da ka ba. A tambayi direbobin da suke bin hanyar kullum, a fita bayan asuba, a juyo kafin la'asar. Tsofaffin ramuka da kududdufan da haƙa ta bari su ma haɗari ne ga yaro, ga kuma masu haƙa da suke aiki har yanzu. Shi ya sa nake ganin aikin ya wuce na magidanci shi kaɗai.

Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano da hukumar yawon buɗe ido su ne ya kamata su fara. Ba sai an jira biliyoyi ba. A killace ramukan da suka mutu. A gyara ɗaki ɗaya a tara tsofaffin kayan aiki da hotuna da samfurin duwatsu. A tura ɗaliban tarihi da na ilimin duwatsu daga Jami'ar Bayero su naɗi muryoyin dattawan nan. A koya wa samarin garin ja-gorancin baƙi, kuɗin shiga ya tsaya a garin, mata su sayar da abinci. A tanadi wurin alwala da sallah da bandaki mai tsafta, domin babu matar da za ta yarda ta wuni da yara inda babu su. Sai a yi ɗan kwalbati na ruwa mara zurfi, a ba yaro ƙwarya ya wanke yashi da hannunsa har ya ga baƙar kuza ta kwanta a ƙasa.

Abu ɗaya nake roƙo: kada a ƙawata labarin. A faɗa wa yara cewa tsakanin 1942 da 1944 an kwashi talakawan Arewa aikin tilas zuwa filayen kuza na Jos saboda yaƙin Turawa, kuma da yawa ba su dawo ba. A ware bango guda don yaran Bagega, a nuna da zane yadda ƙurar dalma take shiga jiki. Yaron Kano da ya ga wannan, gobe in ya zama ɗan majalisa ko hakimi ko mai sayen gwal, zai san tambayar da zai yi kafin a buɗe rami kusa da rijiyar mutane.

Ni dai na yi magana da yayyena biyu. In damina ta ɗauke, hanya kuma ta yi kyau, za mu ɗauki bas in Allah ya yarda, mu biya ta Tiga yara su ga dam, mu isa Riruwai da hantsi. Na sa a bincika mini ko dattijon nan yana nan. In yana nan, wannan karon da na'urar naɗar murya zan je, kuma Hajiya ta ce a ajiye mata kujerar gaba.