Hannun direba a kan sitiyari ba ya ƙarya

Shekaranjiya da daddare na shigo Sharon daga Kano zuwa Zariya, ni ne a gaba kusa da direba. Mun wuce Kwanar Dangora, kowa a baya ya yi shiru, sai na lura hannun mutumin nan ya daina motsi. Wallahi ba idonsa na kalla ba, hannun na gani. Tun da muka taso sitiyarin ke ɗan rawa a hannunsa, kaɗan dama kaɗan hagu, irin gyaran da direba ke yi bai ma san yana yi ba, sai kawai ya tsaya cak, motar ta fara sulalewa gefen titi, can sai ya fizgo ta da ƙarfi har wata baiwar Allah a baya ta sa salati. Na ce "Malam direba ko za mu tsaya ka sha shayi?" Ya ce "a'a Alhaji, garau nake."

To abin da na gani da idona shi ne injiniyoyin mota suka daɗe suna aunawa. Tun 2009 kamfanin Mercedes ya sa wa motocinsa wata na'ura, Attention Assist, wadda a mintunan farko na tafiya take koyon yadda kai kake murza sitiyari, daga baya in ta ga hannu ya mutu na ɗan lokaci sannan aka yi fizga, sai ta yi ƙara ta nuna maka hoton kofin shayi a gabanka, wato sauka ka huta. Akwai abin da ke auna kwanar da sitiyari ya juya, akwai mai auna ƙarfin da hannu ya sa. Motar Tesla ma, in an sa ta a tsarin da take taya ka tuƙi, da wannan ƙarfin take gane ko hannunka na kan sitiyari, har wasu a Amurka suka riƙa rataya abu mai nauyi don su yaudare ta, abin takaici. A Tarayyar Turai kuwa daga Yulin 2024 dole duk sabuwar mota ta zo da na'urar gargaɗin gyangyaɗi.

Ni dai ina goyon bayan abin nan ɗari bisa ɗari, amma ga inda yake damuna. Hannun wa aka auna? Na wanda ke tuƙi a titi sumul mai farin layi. Zo ka tsaya Kwangila da yamma ka ga hannun direbanmu, ga ɗan acaba ya kutso ta hagu, ga mai keke napep ya tsaya ɗaukar fasinja ba sigina, ga tirela ta danno, ga rami, cikin minti ɗaya zai fizgi sitiyari sau nawa kuma idonsa biyu tangaram. Daga PZ zuwa Samaru ma haka. Na'urar da ba ta san wannan ba ko dai ta dame shi da ƙara har ya kai wa mai wayarin ya cire ta, ko kuma ranar da barcin gaske ya zo ta ɗauka kaucewa rami ne. Ga motocinmu tokumbo, sitiyarin wasu akwai lilo tun daga tayarod, sai ka murza kafin taya ta amsa.

Kuma fa muna da inda za a yi aikin a garin nan. Ga NITT, cibiyar fasahar sufuri ta ƙasa, a hanyar Basawa, ga injiniyoyin Jami'ar Ahmadu Bello. A samu amincewar 'yan ƙungiyar direbobi, a maƙala ƙananan na'urori a Sharon da Golf masu zirga-zirgar Kaduna da Kano, a tara bayanan hannun direbanmu da rana da dare, lokacin azumi da damina. Sharaɗina ɗaya, kar a mayar da shi abin kama direba ko cin tararsa, don in suka ji haka ba wanda zai yarda.

Direban namu dai da ƙyar ya tsaya a Tashar Yari bayan fasinjoji sun sa baki. Ya wanke fuska, ya ɓantari goro, sannan ya ce min a hankali sawunsa na uku kenan tun asuba, kuma bai haɗa kuɗin balas ɗin mai mota ba tukuna.