Ƙwayar bitamin ba rigakafin daji ba ce

Wani labari ya ce shan ƙwayoyin bitamin na kare mutum daga cutar daji. A yi hattara fa. A Finland an gwada ƙwayar beta-carotene, sinadarin da jiki ke mayarwa bitamin A, a kan maza mashaya taba kusan 29,000, sakamakon da ya fito a 1994 ya nuna dajin huhu ƙaruwa ya yi a cikin masu shan ƙwayar.

Mu nan dajin hanta na cin mutane, kuma wani sanadinsa yana cikin rumbunmu. Gyaɗa ko masarar da aka ɗure a buhu ba ta gama bushewa ba, ta yi funfuna, nan gubar aflatoxin take, tafasawa kuma ba ta kawar da ita. Kun san gyaɗar nan yamutsattsiya mai ɗaci? Maimakon a zubar, wasu da ita suke ƙuli-ƙuli saboda arha. In mutum na ɗauke da ciwon hanta nau'in B, haɗarin ya ninninka.

Kuɗin kwalbar bitamin gara a yi gwajin jinin ciwon hanta da shi, jarirai kuma a yi musu allurar rigakafi tun ranar haihuwa. Wanda aka samu da ciwon hanta nau'in B, likita kan bibiye shi da gwajin AFP (sinadarin da kan ƙaru a jini in akwai dajin hanta) da hoton hanta, don AFP kaɗai ba ya yanke hukunci.